Jirgin Da Aka Ƙera Don Shekara 3, Ya Yi 56 Yana Aiki

 Makon nan teku za mu shiga, duk da cewa da yawa daga cikinmu, musamman mu na yammacin Kano, daga Gwangwan zuwa Rogo da Ƙaraye, ruwa mafi girma da muka taɓa gani da ido shi ne na madatsar Challawa. Za mu yi magana a kan wasu manyan jiragen ruwan yaƙi masu dakon jiragen sama da Ingila ta ƙera a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Nijeriya ba ta taɓa mallakar irinsu ba. Amma labarinsu labarin kayan gyara ne, kuma duk wanda ya taɓa tura babur zuwa rumfar bakanike, ko ya ga injin ban-ruwa ya kwana uku a gona ba ya aiki saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai girman yatsa ba, to ya riga ya san rabin darasin.

Irin wannan jirgi filin jirgin sama ne da ke yawo a kan ruwa. Samansa shimfiɗaɗɗen dandamali ne inda jirage ke tashi suna sauka. A ƙarƙashin dandamalin akwai wani ƙaton zaure da ake ajiye jiragen a kuma gyara su. Can ƙasa kuma, a cikin cikinsa, akwai tukwanen tururi. Ana ƙona baƙin mai, ruwa ya tafasa, tururin ya fita da ƙarfi ya juya inji, injin ya juya farfelar da ke tura jirgin gaba. Ku riƙe zancen tukwanen nan da kyau, don za mu dawo kansu.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu suka je Bama a cikinsa, Ingila ta sha asarar irin waɗannan jirage. An nutsar mata da Courageous a 1939, da Glorious a 1940, da Ark Royal a 1941. Tana buƙatar sababbi da gaggawa, ga shi kuma ma'aikatun da suka ƙware a ƙera jiragen yaƙi aiki ya yi musu yawa. Sai aka fito da wani tsari a 1942: a zana jirgi mai sauƙi wanda ma'aikatun da ke ƙera jiragen 'yan kasuwa ma za su iya haɗawa. Ba a yi masa sulke mai kauri ba. Ba a ƙirƙiro masa sabon inji ba, an ɗauko irin wanda aka riga aka sani a wasu matsakaitan jiragen yaƙi aka sa masa: tukwanen tururi 4 da injina 2. Tsawonsa kusan mita 212, wato filin ƙwallo biyu a jere, gudunsa kuma kimanin kilomita 46 a awa. Abin da aka yi niyya shi ne a more shi zuwa ƙarshen yaƙi, ko shekara 3 da fara aikinsa, sannan a yar. Kayan wucin-gadi ke nan.

An aza harsashin guda 16, aka kammala 15. Na farkonsu, Colossus, ya fara aiki a ƙarshen 1944, kuma yaƙin ya ƙare ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ya shiga fagen daga ba. Duk da haka sai da suka yi aiki a rundunonin ruwa na ƙasashe 8: Ingila, Faransa, Holan, Kanada, Ostireliya, Birazil, Ajantina da Indiya. Wanda ya fi daɗewa, Vengeance, ya fara aiki a 1945, Birazil ta saye shi a 1956 ta sa masa suna Minas Gerais, ba a yi masa ritaya ba sai 2001. Ku yi lissafin da kanku.

To me ya raya su haka?

Wani ɓangare na amsar yana cikin zanen. A daidai lokacin Ingila ta ƙera wasu jirage biyu masu tsada da sulke, Implacable da Indefatigable, waɗanda suka fara aiki a 1944. Amma rufin zauren ajiyar jiragensu gajere ne, bai wuce mita 4.3 ba. Da jiragen sama suka ƙara girma da tsayi, sai zauren ya gaza ɗaukarsu, gyara shi kuma zai ci kuɗi mai yawa. Zuwa 1956 duka biyun an sayar da su a matsayin tsohon ƙarfe. Su kuwa na wucin-gadin, zaurensu ya kai mita 5.3. Bambancin mita 1 kacal. Kamar mutum ne ya gina gida na alfarma, ya yi wa gareji ƙofa daidai tsayin motar da yake da ita a ranar, shekara ta zagayo ya sayi wadda ta fi ta tsayi. Maƙwabcinsa da ya kafa rumfar kwano mai tsayi ba shi da wannan damuwa.

Saboda sararin nan da sauƙin ƙira, a kan waɗannan jirage aka gwada yawancin dabarun da suka canja harkar gaba ɗaya. A Disamba 1945 matuƙi Eric Brown ya sauko da jirgi mai injin jet a kan Ocean, karon farko da aka yi haka a kan jirgin ruwa. Jiragen jet sun fi na farfela nauyi, kuma suna buƙatar gudu sosai kafin su ɗaga, dandamalin kuwa gajere ne. Sai aka ƙirƙiro abin da za mu kira gwafar tururi, don aikinta ɗaya da gwafar danƙo da yara ke harbin tsuntsu da ita. Doguwar silinda ce a ƙarƙashin dandamali da fistin a ciki, a maƙala jirgin sama a jikin fistin ɗin, a saki tururi, ya finciki jirgin ya cilla shi sama cikin daƙiƙu kaɗan. A kan Perseus aka gwada ta a farkon shekarun 1950. Sauka ma tana da nata hatsarin. Jirgi na da ƙugiya a wutsiya da zai kama wata igiyar ƙarfe da aka gitta a dandamali. Idan ya kuskure igiyar, sai ya afka wa shinge ko jiragen da aka jera a gaba. Wani hafsa mai suna Dennis Cambell ya kawo shawarar a karkatar da layin sauka kaɗan zuwa hagu, ta yadda wanda ya kuskure zai wuce ta gefe ya sake tashi ya zagayo. A 1952 aka fara gwada wannan a kan Triumph, da fenti kawai aka zana layin. Daga baya an sake ginin wasu daga cikin jiragen aka sa musu duka dabarun biyu.

Ɗaya ɓangaren amsar, wanda a ganinmu ya fi nauyi, shi ne yawansu. 'Yan gida ɗaya ne, injinansu iri ɗaya. Abin da ya shiga wannan zai shiga wancan. Na 16 ɗin da ba a kammala ba, Leviathan, ya shafe shekara 20 da wani abu a ajiye bai taɓa fita aiki ba, amma a shekarun 1960 an ciro tukwanen tururinsa aka dasa wa ɗan uwansa da ke hannun Holan, Karel Doorman. Shi wannan Karel Doorman asalin sunansa Venerable. Bayan ya yi gobara a 1968 Holan ta sayar wa Ajantina, can ya koma Veinticinco de Mayo. Da shi ma ya tsufa ya kwanta, sai aka riƙa ciro kayansa ana kai wa Minas Gerais na Birazil. Mutanen Ƙofar Ruwa a Kano ba sa buƙatar a fassara musu wannan. Yanka ke nan: mota ta mutu, a yanka ta, injinta ya raya wata, giyarta ta raya wata.

Haka abin yake da baburan da ke zirga-zirga tsakanin Gwangwan da Rogo ranar kasuwa. Mai Boxer ba ya fargabar lalacewa a hanya, don kusan kowane ƙauye akwai mai sayar da fulogi da ringi da sarƙarsa, akwai kuma yaron da ya kwance irinsa sau ɗari. Wanda ya sayo wani baƙon babur mai kyan gani da babu irinsa a yankin, ranar da ƙaramin abu ya karye sai ya jingine shi a soro kaji su riƙa kwana a kai.

Masu zanen ma sun san muhimmancin gyara tun farko. Biyu daga cikin 15 ɗin, Pioneer da Perseus, ba a kammala su don yaƙi ba. An mayar da su garejin tafi-da-gidanka, cike da injinan aiki da kayan gyara, su bi rundunar zuwa nesa suna gyara jiragen saman da suka lalace. Mu dai wannan shi ne abin da ya fi burge mu a duk labarin. Ƙasa tana tsakiyar yaƙi, tana neman kowane jirgi ido rufe, amma ta ware biyu ta ba kanikawa.

Sai dai yanka yana da iyaka, kuma ƙasashen da suka sayi jiragen nan sun ɗanɗana kuɗarsu. Duk jirgin da aka yanka, gidan ya ragu da ɗaya. Na ƙarshe ba shi da wanda zai ara a wurinsa. Sannan akwai kayan da ba a samu a jikin tsoho, don na tsohon ma ya gaji.

Ku dubi Indiya. Ta sayi Hercules a 1957 tun ba a gama shi ba, aka kammala shi a Belfast, ya fara aiki a 1961 da sunan Vikrant. A 1970 aka gano tsagewa a gangunan ruwa na tukwanen tururinsa, irin tsagewar da walda ba ta magani. A lokacin ba a iya ƙera irin gangunan a Indiya, dole aka yi odarsu daga Ingila, aka zauna jira. Ga shi kuma rikici da Pakistan yana ƙara zafi. Injiniyoyin rundunar suka toshe tukunya guda, aka taƙaita gudun jirgin da farko zuwa kusan kilomita 26 a awa. Ku tuna gwafar nan daga tukwanen take shan tururi. Tukunya mai rauni na nufin jirgin ruwa ba gudu, gwafa ba ƙarfi. A haka, da lallaɓawa, Vikrant ya fita yaƙin Disamba 1971 a Tekun Bengal, jiragensa suka kai hare-hare Chittagong da Cox's Bazar, yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash. An yi nasara, amma Indiya ba ta manta da wannan jira ba. A Satumba 2022 ta ƙaddamar da sabon Vikrant wanda ta ƙera da kanta a Kochi. Daga 1970 zuwa 2022 shekara 52 ke nan, don haka kada wani ya ce muku irin wannan aiki na dare ɗaya ne.

Ajantina ba ta yi wannan sa'a ba. A 1982 ta gwabza da Ingila a kan tsibiran Falkland, wato da ƙasar da ta ƙera mata jirgin. A nan akwai ɗan lissafi mai daɗi ga 'yan ajin kimiyya. Fiffiken jirgin sama bai damu da gudun da yake yi a kan dandamali ba, abin da ya dame shi shi ne gudun iskar da ke bugunsa. Shi ya sa jirgin dako ke juya hancinsa ya fuskanci iska, ya taka da iya ƙarfinsa kafin a harba jirage. Misali, idan yana gudun kilomita 46 a awa, iska kuma tana tahowa da kilomita 30, jirgin saman ya samu kilomita 76 kyauta tun bai motsa ba, sauran gwafa ta cika. Idan iska ta ɗauke, tsohon inji kuma ya gaza, sai a rage bama-bamai ko mai, ko a fasa tashi. Abin da ya faru ke nan da safiyar 2 ga Mayu 1982. Veinticinco de Mayo ya shirya harba jiragensa samfurin Skyhawk su far wa rundunar Ingila, iska ta kwanta, aka fasa. A ranar ce jirgin ƙarƙashin ruwa na Ingila ya nutsar da General Belgrano, daga nan jirgin dakon ya koma kusa da gida bai sake fitowa fagen ba. A yaƙin nan kuma, Ajantina na da sababbin jiragen sama 5 samfurin Super Étendard da ta saya daga Faransa. Faransa ta dakatar da aiko da kaya, dole aka ajiye guda ana ciro kayansa don huɗun su tashi. Sabon jirgi fil, aka yanka.

Mu dawo gida. Babban jirgin yaƙin da Nijeriya ta daɗe tana alfahari da shi sunan Hausa gare shi: Aradu. Kamfanin Blohm + Voss na Hambog a Jamus ne ya ƙera shi, ya fara aiki a 1982, yana kuma da wurin saukar jirgi mai saukar ungulu. A 2005 ya je har Ingila bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar. Amma ya shafe shekaru masu yawa a ɗaure a tasha yana jiran gyara. Dalilan suna da yawa, kuɗi na ciki, sai dai akwai wanda ya shafi darasinmu: shi kaɗai ne irinsa a rundunar. 'Yan uwansa mafi kusa guda 4 ne, suna Ajantina, su ma ba daidai suke da shi a komai ba. Maraya ne, ba shi da wanda zai ara wa ko ya ara a wurinsa. Daga baya rundunar ta fara ƙera ƙananan jirage a Legas, Andoni a 2012, Karaduwa a 2016. Ƙanana ne ƙwarai idan aka kwatanta da waɗanda muke magana a kai, amma zanensu yana hannu, waɗanda suka haɗa su kuma suna nan.

Lokacin da aka sanar a 2021 cewa sojojin ruwa za su kafa sansani a Kano, an yi ta barkwanci, wasu na tambaya ko a Tiga ko Challawa za a ajiye jiragen. Abin da aka kafa a Dawakin Tofa kwaleji ce ta koyar da harkar tanadi da jigilar kayan aiki. Mu ba mu ga abin dariya a nan ba. Wanda zai san cewa wani bawul yana mutuwa bayan awa kaza na aiki, ya yi odarsa wata shida kafin ranar, ya ajiye shi inda ba zai yi tsatsa ba, ya kuma rubuta lambarsa daidai, ba ya buƙatar ganin teku ta taga. Yana buƙatar lissafi da rubutu mai tsabta da haƙuri. Ɗalibin Gwangwan zai iya wannan kamar yadda ɗan Fatakwal zai iya.

Zancen lamba da awo ba ƙarami ba ne. Da can kowace ma'aikata a Ingila tana yanka zaren notinta yadda ta ga dama, notin wannan ba ya shiga kusar waccan, har sai da Joseph Whitworth ya fito da ma'auni guda a 1841. Amurka kuma ta bi nata daban. A Yaƙin Duniya na Biyu sai ga ƙawaye biyu suna yaƙi tare amma notin ɗaya ba ya ɗaure kayan ɗaya, sai bayan yaƙin suka zauna da Kanada suka daidaita. Idan bakanike ya ce wa yaronsa "miƙo goma" ko "miƙo sha biyu", milimita yake nufi, faɗin kan notin ke nan. Yara da yawa suna shekara a gareji suna miƙa sifana ba su san haka ba, ɗalibai da yawa kuma suna cin jarrabawar awo ba su taɓa riƙe sifana ba. Mun fi son mu ga mutum ɗaya ya haɗa biyun, don shi ne zai iya ɗaukar karyayyen ƙarfe ya auna shi, ya zana shi a takarda da girmansa, ya kai wa mai injin gyaran ƙarfe a Kano a fitar masa da sabo.

Muna kuma da ƙorafi a kan yadda ake kawo kayan aiki ƙauyukanmu. A kawo famfo mai aiki da hasken rana, ko injin niƙa na ƙungiya, ko janareton asibiti, a yi taro a ɗauki hoto. Ba a bar takardar bayaninsa ba, ba a koya wa kowa a garin kwance shi ba, ba a tambaya ko akwai kayansa a Kano ba. Wani lokaci garuruwa uku maƙwabta kowanne da irin nasa daban, don 'yan kwangila uku ne suka kawo. Da iri ɗaya ne, da bakanike ɗaya da shago ɗaya sun ishe su, in ta ɓaci ma a yanka ɗaya a tada biyu. Ku da kuke makaranta yanzu, ku ne sakatarorin ƙungiyoyin gari nan da 'yan shekaru, ku ne za a ce ku sa hannu an karɓi kaya.

Ƙarshen jiragen nan zai ba 'yan Gwangwan dariya, tunda sunan garinsu a rubuce ɗaya yake da sana'ar masu sayen tsohon ƙarfe, kuma mun san ana tsokanarsu da haka a makarantun kwana. To ku sani 'yan gwangwan na duniya suna wani gari da ake kira Alang a gaɓar tekun Indiya, inda ake jawo manyan jirage kan yashi a yanyanka su da wuta. Can Veinticinco de Mayo ya ƙare, can Minas Gerais ya bi shi a 2004. Shi kuwa tsohon Vikrant, bayan ritayarsa a 1997 ya zama gidan tarihi a Mumbai na wasu shekaru, aka yanka shi a 2014. Kamfanin Bajaj, mai yin Boxer, ya sayi wani ɓangare na ƙarfensa ya narka, ya sa a tankin wani babur da ya fitar a 2016 mai suna Bajaj V.

Aikin gida na wannan mako: ku zaɓi inji guda a unguwarku ko makarantarku, tuƙa-tuƙa ne, injin markaɗe ne, ko na ban-ruwa. Ku nemi ɗan farantin ƙarfen da ke jikinsa ku kwafi sunan kamfani da lambar samfuri. Ku tambayi mai gyara shi, cikin ladabi, wane abu ne ke fara lalacewa, ina ake sayo shi, kwana nawa yake ɗauka kafin ya iso. Sannan ku zaga ku ƙirga irinsa nawa ne a garin, nawa ke aiki, nawa ke kwance. Ku rubuta a shafi guda ku kai wa malamin kimiyya ranar Litinin.